Babana, Kada Ka Ari Bakin Auta

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kun sauka lafiya, kai da ƙaninka. Abbanku yana gaishe ku, ƙafar da sauƙi, har ya fara takawa ba sanda. Na so mu yi maganar nan tun kafin ku tashi, amma ka san halinka, in na ɗauko zance sai ka ce "Umma na gane" tun ban kai rabi ba, ka saɓi jaka ka yi gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don takarda ba a katse ta.

Ƙanwarka ce ta faɗa mini, kuma kada ka kira ta ka yi mata faɗa, ni na tsare ta da tambaya. Ta ce jawabin da Auta zai yi a gaban kwamitin Special Olympics, ƙungiyar wasannin masu raunin fahimta irinsa, a matsayinsa na wakilin 'yan wasa, kai ka rubuta shi daga farko har ƙarshe, kana zaunar da shi da dare yana hadda. Wannan kaɗai da ban ɗaga alƙalami ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ta ce shi da bakinsa ya gaya maka abin da yake so ya faɗa, ka soke. Ya ce a daina jera su cikin rana bayan sun gama wasa, suna tsaye suna jiran manyan baƙi su ƙare jawabi kafin a rataya musu lambobinsu, domin abokinsa mai farfaɗiya ya taɓa zubewa a layin nan a gaban idonsa. Kai kuma ka ce wannan ba maganar taro ba ce, za a ji kunya, ka cike gurbin da godiya ga shugabanni da masu ɗaukar nauyi.

To Babana, wa ya zaɓe ka? 'Yan'uwansa 'yan wasa suka ɗaga hannu suka ce shi suke so ya zauna musu a kujerar nan, kuma sun san yadda yake magana, sun san yana in'ina in ya ga mutane da yawa. Da mai iya tsara zance suke nema, ai ga ka nan a bakin fili kullum, da kai suka nuna. Sun zaɓi wanda rana ta dake shi tare da su. Godiya kuwa, shugabannin nan suna da masu yi musu ita da yawa, ba sai an ari bakin ɗana an ci masa albasa ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce kare shi kake yi, kada ya tsaya ya daskare a gaban makirfo a yi masa dariya. Ni za ka gaya wa dariya? Kai kana ƙarami lokacin da abin nan ya faru a gidan Gwaggonku, ba ka ga yadda na goyo shi na fito ba, yaro ɗan shekara shida, ban ko tsaya neman takalminsa ba. Na ji kana gaya wa Kawunku wai na kulle shi a gida shekara da shekaru, wai da an fito da shi da wuri da ya wuce haka. Ka faɗi son ranka. A lokacin babu fili, babu koci, babu wanda zai karɓe shi, abin da ke waje kawai yara masu jifa da manya masu ce masa dolo. Na tsare shi da abin da nake da shi, kuma ko yau aka mayar da ni wancan lokaci haka zan yi. Amma ranar da aka ce ga inda za a koya masa gudu, ni na kama hannunsa na kai shi, Abbanku yana cewa ɓata lokaci ne. Saboda haka kada ka yi mini kallon wadda ba ta san zafin a yi wa ɗanta dariya ba.

Bari in gaya maka abin da nake tsoro, don ya fi dariya nesa ba kusa ba. Ina tsoron Auta ya zama mai "to". A ce zauna, to. A ce faɗi kaza, to. A ce shiga motar nan, to. A ce kada ka gaya wa Ummanka, to. Yaran nan masu raunin fahimta, wanda aka fi cuta a cikinsu shi ne wanda aka saba masa cewa maganarsa ba ta da amfani, akwai mai yi masa. Mugu yana gane irin wannan yaro daga nesa. Ni ba zan dawwama ba, Abbanku ma ga yadda jiki ya fara yi. Kai za ka yi aure, aiki zai ɗauke ka wani wuri, ko ka ƙi ko ka so. Ranar da wani zai taɓa shi inda bai kamata ba, ko ya karɓe masa kuɗinsa, ko ya sa shi dangwala hannu a takardar da bai gane ba, ba ka nan, ba ni nan. Abin da zai rage masa bakinsa ne, da sabon da ya yi cewa in ya buɗe shi ana saurare. Yau ya ga abu ba daidai ba, ya yi ƙarfin hali ya ce ba daidai ba ne, sai yayansa da ya fi yarda da shi a duniya ya ɗauki biro ya ja layi a kai. Me ka koya masa ke nan? Wallahi da na ji, sai da na tashi na zauna a bakin gado.

Ka tuna tarihin da aka ba mu a taron iyaye, na matar da ta kafa Special Olympics, Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar shugaban Amurka John Kennedy. Kowa yana riƙe ɓangaren mai daɗi: ta fara tara yara a filin gidanta a 1962, aka yi gasar farko a Shikago a watan Yulin 1968 da 'yan wasa wajen 1,000 daga Amurka da Kanada. Ni abin da ya tsaya mini a rai yayarta ce, Rosemary. Gidan kuɗi, gidan mulki, babu abin da suka rasa. A 1941, tana da shekara 23, mahaifinta ya sa aka yi mata aiki a ƙwaƙwalwa don a gyara mata hali. Ta fito ba ta iya tafiya sosai, magana ma sai kaɗan, aka kai ta gidan kula da irinsu ta yi shekaru masu yawa nesa da 'yan'uwanta, ta rasu a 2005. Uban nan ba maƙiyinta ba ne, shi ma gani yake gyara yake yi, yana kuma tsare sunan gida. Ban haɗa biro da wuƙar likita ba, kada ka ce Umma ta yi nisa. Amma duk wanda ya yanke wa irin yaran nan hukunci ba tare da ya tambaye su ba, da "don amfaninsa ne" yake farawa.

Sai maganar ƙwallo, tunda na buɗe baki bari in ƙarasa. A wasan da na je kallo na ƙarshe na gan ka da idona. Ƙungiyar haɗaka ce, 'yan bakwai-bakwai, huɗu daga cikinsu, uku daga cikinku masu lafiya, kuma an haɗa ku ne don ku yi wasa tare. Auta yana tsaye a gefen hagu shi kaɗai, ba mai tsaronsa, yana ɗaga hannu yana kiran sunanka har muryarsa ta dishe. Ka dube shi, ka yanke mutum biyu, ka buga da kanka. Ta shiga, aka yi ihu, ka zo ka ɗaga shi sama kamar shi ya ci. Ya yi dariya, don shi ba ya riƙo. Amma a hanyar dawowa bai ce uffan ba, yana ta murza gwiwarsa da tafin hannu, ka kuwa san abin da wannan yake nufi. Dokar wasan da kanta ta hana abokin wasa mai lafiya ya mamaye fili, alƙali yana da ikon ja maka kunne a kai. Ka ga yadda masu shirya wasannin suke wahala a gasar gudu, a gwada kowa tukuna, a raba su rukuni-rukuni bisa shekaru da jinsi da iyawa, kada rukuni ya gaza mutum 3 ko ya wuce 8, ana ƙoƙarin kada tazarar na gaba da na baya ta haura kashi 15 cikin 100. Duk wannan lissafi don kowane yaro ya shiga fili da ransa a kan cewa zai iya ci da ƙafarsa. Kai kuma ka zo kana ci masa.

Ka san abin da ya faru a gasar naƙasassu ta duniya a Sidni a 2000? Wannan ba ta Special Olympics ba ce, hukumarsu daban. Ƙasar Sifen ta kai ƙungiyar ƙwallon kwando ta masu raunin fahimta, ta ci zinare, daga baya wani ɗan jarida da ke cikin 'yan wasan ya tona cewa 10 daga cikin 12 lafiyarsu ƙalau. An ƙwace lambar. Amma wa ya sha hukuncin? An cire masu wannan lalura gaba ɗaya daga gasar, ba su dawo ba sai a Landan a 2012, shi ma a guje-guje da tsalle-tsalle, da ninƙaya, da ƙwallon tebur kawai. Shekara 12, wanda yake kan ganiyarsa ya tsufa yana jira. Masu lafiya suka shiga gurbinsu don son lamba, su kuma suka biya. Kai ba maguɗi kake yi ba, na sani, amma son a ci ko ta halin ƙaƙa daga ƙarami yake farawa.

Kuma kada ka ce mini shugabancin nan na ado ne, a zaunar da su a ɗauki hoto. In an mayar da shi ado, irinku masu rakiya ne suka mayar. Akwai Loretta Claiborne a Amurka, an haife ta ido ɗaya ba ya gani sosai, ba ta yi tafiya ba sai da ta shekara 4, aka ce wa uwarta ta kai ta gidan ajiye irinsu ta ƙi. Matar nan ta yi gudun dogon zango na kilomita 42 fiye da sau 25, ta zauna a hukumar gudanarwar Special Olympics ta duniya, tana magana a gaban shugabanni da bakinta. A cikin 'yan wasan nan akwai waɗanda suka zama mataimakan koci, akwai alƙalan wasa, akwai masu zagayawa suna yi wa jama'a jawabi. Ban ce Auta zai kai can ba, ban kuma ce ba zai kai ba, Allah ne masani. Na dai san babu ɗayansu da ya fara da iyawa. Wani ne ya zauna kusa da su ya iya yin shiru.

Shirun nan shi ne aikinka, kuma na san yana da wuya, ni na fi ka sani. In aka yi masa tambaya zai sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi ba sauti, kai kuma cikinka zai ɗuri ruwa ka ga kamar an shekara. Kada ka tsoma baki. Amsar tana hanya. Sau da yawa ina tsaye a kansa na ƙosa, har na juya zan tafi, sai in ji ya faɗi abin da ni ban lura da shi ba. In tambayar ta yi tsawo, ka roƙi mai ita ya maimaita da gajerun kalmomi, kuma ya dubi Auta, ya daina dubanka. In an raba takardun taro, ku zauna tun dare ka karanta masa a hankali, ka tambaye shi me ya gani, ka rubuta abin da ya ce yadda ya ce shi, da manyan baƙaƙe, layi ɗaya magana ɗaya. In ya ga dama ya zana rana da mutane a layi don ya tuna, bar shi ya zana. Ai an gaya muku a horon masu rakiya cewa ana so hannunku ya riƙa janyewa a hankali yayin da ɗan wasan yake ƙarfi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da muryar tana rawa.

Ka yaga wancan jawabi. Ka ce masa Umma ta ce maganar rana magana ce, a mayar da ita. In shugabannin sun ɓata rai, su ɓata, kujerar da suka ba shi ta kawo ƙorafin 'yan wasa ce, su suka ce suna so su ji. In kuma ya tsaya a tsakiya ya kasa ƙarasawa, ya dawo ya zauna, ba a mutu ba, akwai taro na gaba.

Babana, kada ka karanta wannan ka ce Umma ba ta ganin ƙoƙarinka. Ina gani. Samari sa'anninka suna can suna harkar gabansu, kai kana ɗaure wa ƙaninka igiyar takalmi a bakin fili, ka ajiye aikinka ka bi shi wannan tafiya ba wanda ya biya ka. Tun kuna yara kai kake dambe a kansa, tabon da ke girarka na san inda ka samo shi ko da ka ce mini faɗuwa ka yi. Ban taɓa shakkar son da kake masa ba, shi ya sa ma nake jin tsoro, don abin da ka yi masa ya fi na kowa shiga ransa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

In akwai tantin likitoci a wurin gasar, kamar yadda suka saba kafawa a manyan wasanninsu kyauta, ka kai shi a duba masa ido da haƙori, kwana biyu yana matse ido in yana kallon nesa. Maganinsa na dare yana aljihun gefe na jakar, kada ka ba shi, ka tuna masa ya ɗauka da kansa. Sabon takalmin yana cin masa dunduniya, ya yi atisaye da tsohon. Bayan taron kwamitin ka ba shi waya ya kira ni, daga bakinsa nake so in ji yadda aka yi.

Ummanku