A yi hattara kafin a damƙa wa ƙirƙirarriyar basira kalandar jama'a

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin sakatarorin makarantu, ofisoshi da ƙungiyoyin manoma a Zamfara, waɗanda suka fara ɗora wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Gemini da Copilot aikin tsara taruka a kalandar da mutane da yawa ke dubawa. Sauƙin a fili yake, sai dai kuskure ɗaya kan faɗa wayar kowa a lokaci guda.

Manhajar tana aiki ne da ikon asusun da aka haɗa ta da shi. A Google Calendar manyan hawan izini huɗu ne: ganin ko mutum yana da sarari, ganin cikakken bayanin taro, gyara taruka, sai gyara tare da ikon shigo da wasu. Kada a haɗa ta da asusun shugaba, mai hawa na huɗu. A buɗe mata asusu nata, a ba ta hawa na biyu a babbar kalanda, sannan a yi mata ƙaramar kalanda ta gwaji inda za ta riƙa rubutu. Sakatare ya duba, ya mayar da abin da ya inganta zuwa babbar.

A rubuta mata ƙa'ida ƙarara: kafin ta ƙara, ta ɗage ko ta goge taro, ta nuna sunansa, ranarsa, lokacinsa da waɗanda aka gayyata, ta jira amincewa. Taron da ke maimaituwa ya fi haɗari. Idan aka ce "soke taron malamai na Litinin", zaɓi uku ne a gabanta: na wannan Litinin, wannan da masu zuwa, ko dukkansu. In ba a fayyace ba, tana iya share na zango guda. Abin da aka goge yakan zauna kwana 30 a kwandon sharar kalandar, ana iya dawo da shi, amma saƙon sokewa ya riga ya isa ga mutane.

Sai maganar lokaci, inda Hausa ke yawan rikita ta. Bahaushe in ya ce "daren Juma'a", daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi, manhajar kuwa tana iya ajiye taron ranar Juma'a da dare. "Bayan La'asar" ba awa ba ce a wurinta, haka jibi da gata. A ba ta rana da sunan wata da awa: Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe 4:30 na yamma. A guji 03/04, domin a tsarin Amurka 4 ga Maris ke nan. A tabbatar agogon asusun na Afirka ta Yamma ne. Wanda ke Makka yana gabanmu da awa 2. Tarukan azumi da Sallah kuwa a bar su a kalandar gwaji har fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata.

Akwai kuma tarko. A 2025 masu bincike sun nuna ana iya ɓoye umarni cikin takardar gayyata, Gemini ta karanta ta aikata kamar mai asusun ne ya faɗa. A saita kalandar ta daina shigar da gayyata sai daga wanda aka sani, a kuma gaya wa manhajar cewa rubutun da ke cikin gayyata labari ne, umarni daga sakatare kaɗai yake fitowa.

Abin da ya fi damun mu shi ne tsaro. A halin da jiharmu take ciki, rubuta cewa wane zai tashi daga Gusau zuwa Talata Mafara ƙarfe kaza, a kalandar da mutum 40 ke gani, ganganci ne. A hana manhajar rubuta hanya, lokacin tashi, lambar waya da adadin kuɗin da za a ɗauka, ta sa "ba ya nan" kawai. Duk ƙarshen wata a duba jerin masu izini, a cire wanda ya bar aiki ko wayarsa ta ɓata.

Wassalam,
Wasu masu aikin kwamfuta, Gusau