Lissafi, fim da soyayya: inda wasannin RPG ke saɓa wa hannun ɗan wasa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu ƙera wasannin kwamfuta da masu buga su. Ina magana ne a kan wasannin da ake kira RPG, wato waɗanda mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya zaɓa masa sana'a da makami da abokan tafiya, ya yi ta renonsa na awa 50 ko 100 har labari ya ƙare. Abu uku ake ta ja-in-ja a kansu: daidaita ƙarfi, guntayen fim da ke katse wasa, da soyayya tsakanin jarumi da abokan tafiyarsa. A ganina ciwon ɗaya ne. Ɗan wasa zai yi zaɓi da hannunsa, sai wasan ya yi watsi da zaɓin, ko ma ya hukunta shi a kan dokar da ba a taɓa gaya masa ba.

Masu cewa wasan mutum ɗaya bai buƙatar daidaito suna da tasu hujjar. A wasan Morrowind na 2002 kana iya haɗa maganin ƙara kaifin basira, ka sha, ka haɗa wani da ya fi shi ƙarfi, ka sake sha, har lissafin wasan ya tarwatse. Mutane da yawa sun ji daɗin wannan, kuma babu wanda aka cuta, domin sai wanda ya nemi hanyar yake samun ta. Abin da ke cutarwa shi ne zaɓin da ke da kyau a ido amma tarko ne. Oblivion na 2006 ya nuna haka ƙarara. Jarumi yana hawa mataki duk lokacin da manyan fasahohinsa suka ƙaru sau 10, kuma abokan gaba suna hawa tare da shi. Wanda ya zaɓi ciniki da iya magana da tsalle a matsayin manyan fasahohinsa zai yi ta hawa mataki alhali hannunsa bai ƙara nauyi a fagen fama ba, sai ya tarar da 'yan fashin kan hanya sanye da sulke mafi tsada suna karkashe shi. Ya yi abin da wasan ya ba shi dama, wasan kuma ya juya masa baya. Skyrim na 2011 ya rage wannan ta hanyar ɗaure ƙarfin kogo a matakin da ɗan wasa yake ranar da ya fara shigarsa, don in ya sha kashi ya tafi ya ƙara ƙarfi ya dawo, ya ga amfanin wahalarsa.

Yawancin tarkon nan ba da gangan ake ɗana shi ba, daga lissafi yake fitowa. A ɗauki dodo mai jini, wato makin rai, 600. Wuƙa tana cire 20 sau uku a daƙiƙa, guduma tana cire 120 sau ɗaya a daƙiƙa biyu. A takarda kunnen doki suka yi, kowanne 60 a daƙiƙa, kowanne zai kayar da dodon cikin daƙiƙa 10. To a sa wa dodon sulke mai zabge 15 daga kowane bugu. Wuƙa ta koma 5 sau uku, wato 15 a daƙiƙa, sai ta ɗauki daƙiƙa 40. Guduma ta koma 105, ta gama aikinta cikin daƙiƙa 11 da ɗoriya. Mai wuƙa bai yi kuskuren komai ba, amma daga tsakiyar wasa, inda kowane abokin gaba ke da sulke, jaruminsa ya zama hoto. Maganin sananne ne: a mai da sulke ya riƙa rage kaso maimakon adadi, misali a ninka bugu da 100 a raba da 100 haɗe da ƙarfin sulken, ko a sa ƙa'idar cewa kowane bugu sai ya shigar da aƙalla kashi 20 cikin ɗari, ko a ba wa wuƙa wata baiwa ta huda sulke.

Ɗaya ɓarnar kuma daga sama take zuwa. In zobe da hula da tsafi kowanne yana ƙara kashi 50, kuma ana tara su ne, bugu zai ninka sau 2.5. In kuwa ninka juna suke yi, sau 3.4 ne. Su zama biyar, bambancin ya koma 3.5 da 7.6. Daga nan babban bos, wato shugaban abokan gaba, da aka yi wata da watanni ana tsara shi zai faɗi kafin ya ɗaga hannu. Duk wanda ke tsara irin wannan wasa ya kamata ya rubuta tun farko waɗanne ƙari ne ke taruwa a kwando ɗaya, waɗanne ne ke ninkawa, kuma masu ninkawar kada su wuce biyu ko uku. Haka nan a wasan da ake yi bi da bi, babu abin da ya kai ƙarin dama tsada. Shi ya sa kamfanin Larian, a matakin wahala mafi tsanani na wasansa Baldur's Gate 3, ya rage ƙarfin tsafin sauri, yadda ƙarin damar da yake bayarwa ba za ta zo da cikakken jerin sara ba.

Akwai wani ɓangare da na fi so a yi gaskiya a kansa, wato sa'a. Mutum in ya ga an rubuta kashi 90, a ransa tabbas ne, in ya kuskure sau biyu a jere sai ya rantse ana cutarsa. Wasu wasannin Fire Emblem sun bi da wannan a ɓoye: suna jefa lamba biyu su ɗauki matsakaicinsu, sai kashi 90 na allo ya zama kusan 98 a zahiri, 70 ya zama kusan 82, 30 kuma ya faɗo kusan 18. Dabarar tana aiki, amma na fi son hanyar da ake gani da ido. A dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons na 2014, wanda ya samu rinjaye yana jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki mafi girma, sai damar kashi 50 ta koma 75, kuma kowa ya san dalili. Mai tsara dabara da lambar da aka nuna masa yana da haƙƙin lambar ta zama gaskiya. Sannan a bar ƙofar gyara a buɗe: a Baldur's Gate 3 zinari 100 na cikin wasa ya isa mutum ya sake gina jaruminsa daga tushe, kuma wannan kaɗai ya kashe rabin ƙorafin daidaito.

Batun fim ba ya buƙatar dogon bayani, domin laifuffukansa a fili suke. Na farko shi ne fim ɗin da ba a iya tsallakewa, an kuma ajiye shi gaban faɗa mai wuya. Waɗanda suka buga Final Fantasy X na 2001 ko Kingdom Hearts na 2002 sun haddace wasu jawabai ba don suna so ba, sai don duk faɗuwa tana mai da su farkon jawabin. Fim na minti biyar, faɗuwa goma, an ci wa mutum kusan awa guda yana riƙe da hannun gem ba ya danna komai. Dalilin da ke hana masu ƙira sa maɓallin tsallakewa yakan zama na fasaha ne. Wani lokaci ana loda fili na gaba ne a bayan fim ɗin. Wani lokaci kuma an cusa muhimman canje-canje a cikinsa: a daƙiƙa ta 40 ake ba jarumi mabuɗi, a ta 70 ake buɗe ƙofa, a ƙarshe ake sauya masa wurin tsayuwa. In aka tsallake, sai ya farka babu mabuɗi, ƙofa a kulle, wasa ya maƙale. Gyaran shi ne a ware waɗannan canje-canje a wuri guda da za a kira ko an kalla ko ba a kalla ba, a ajiye wasa bayan fim maimakon gabansa, a sa tsallakewa ta zama sai an danne maɓalli na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a kuma raba shi da maɓallin dakatarwa.

Laifi na biyu ya fi ciwo. Ka yi faɗa ka yi nasara, sai fim ya karɓe wasan ya nuna an kayar da kai. Haka Mass Effect 3 na 2012 ya yi a karon da aka yi da abokin gaba Kai Leng a duniyar Thessia, kuma har yau ana jin haushinsa. In labari na buƙatar jarumi ya sha kashi, to a canza abin da ake nema a faɗan: ka jure minti uku, ko ka tsare ƙofa har mutanenka su tsere. Ta haka rashin nasarar labari ba ta ƙaryata nasarar hannu. Ban ce a daina fim ba. Mutuwar Aerith a Final Fantasy VII na 1997 ta ratsa zukata ne saboda bayan fim ɗin wasan ya tsaya a kan maganarsa: gurbinta ya zama wayam a jerin mayaƙa, mai warkarwar da ka dogara da ita ta tafi ke nan.

Soyayya ce ta fi wuyar tsarawa, domin kwamfuta lamba kawai ta sani. A Stardew Valley na 2016 lissafin a buɗe yake: kowace zuciya maki 250 ce, kyautar da mutum ya fi so tana ba da 80, sau biyu kawai ake bayarwa a mako, ranar haihuwa kuma ana ninkawa sau takwas. A wasa mai sauƙin rai irin wannan babu laifi. Amma in aka ɗauko tsarin aka ɗora a kan labari mai nauyi, sai ya ɓata halayen mutane. A Dragon Age: Origins na 2009 kana iya aikata abin da abokin tafiyarka ya tsana, sannan ka wanke laifin da tarin kyaututtuka. Dragon Age II na 2011 ya gyara da ma'auni mai kai biyu, abota da hamayya, yadda wanda ke saɓa maka zai iya girmama ka ba tare da ka yi masa fadanci ba. Shi kuwa The Witcher 3 na 2015 ya ba mutanensa ƙwaƙwalwa: wanda ya yi wa matan nan biyu, Triss da Yennefer, alkawarin soyayya a lokaci guda, duka biyun yake rasawa.

Matsalar ma'auni ɗaya ita ce tana haɗa yarda da ƙauna. Kana kyautata wa abokin yaƙi, maki na taruwa, da ya haye wani adadi sai wasan ya ɗauka nema kake yi. Wannan ya faru a farkon fitowar Baldur's Gate 3 a 2023, har Larian ya amsa cewa an sa adadin ƙasa da yadda ya kamata, ya gyara. Abin da ya dace shi ne a raba ma'aunin: yarda daban, ƙauna daban, kuma na biyun kada ya motsa sai ɗan wasa ya zaɓi magana da aka yi wa alama a fili. Wanda ya ce a'a ya samu labarin abota mai tsawo da daɗi kamar na wanda ya ce e. Kowane abokin tafiya ya kasance da abu ɗaya ko biyu da in ka aikata babu kyautar da za ta dawo da shi. Iyaye kuma su duba alamar shekaru a jikin wasa, domin The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 duka na 'yan 18 zuwa sama ne a ma'aunin PEGI na Turai.

Inda soyayya ta haɗu da daidaito nan ne ake yawan yin tuntuɓe. A Fire Emblem Awakening na 2012 'ya'yan da ma'aurata suka haifa suna gadon ƙarfi da fasahar iyayensu, sai 'yan wasa suka koma haɗa aure da jadawali, suna duba wa zai haifi mayaƙi mafi ƙarfi. Da zarar an ɗaure takobi mafi kyau ko tsafi mafi ƙarfi a jikin wata soyayya, an tilasta wa mai son cin wasa ya yi neman da ba ya so. Ladan soyayya ya tsaya a cikin labari: sabuwar hira, wani ƙarshe na daban, mutumin da zai tsaya maka a ranar da kowa ya gudu. Kuma a ware kuɗin rubutu da na ɗaukar murya don abin da zai biyo bayan an amince da juna, saboda a wasanni da yawa daga wannan daren abokin tafiya ba ya da sauran magana sai jimla ɗaya da zai yi ta maimaitawa har awa 30 da suka rage.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai tsara wasannin kwamfuta