Zuwa ga Baba, daga Lozan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara da sauran mutanen gida. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi da ya fara kankama.

Saƙonku ya iso ni ta bakin Yaya, cewa ba ku yarda da hoton da na aiko ba, wai ƙaramin gari ba ya yin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma jirgi ba ya tafiya ba direba. Tun da kun ci shekaru a aikin dogo, na san amsar waya ba za ta ishe ku ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kuna da gaskiya a kan girman garin. Mutanen cikin Lozan wajen 140,000 ne, amma a duk ƙasar Suwizalan babu garin da ke da metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai shi. Abin da ya jawo haka tudu ne. Garin ya faro daga bakin tafkin Janiba, ya yi ta hawa har kan dutse. Mai zuwa kasuwa hawa yake yi, mai zuwa asibiti hawa yake yi, tsofaffi kuwa sai sun tsaya hutawa a hanya.

Tun 1877 suka soma neman dabara. A shekarar aka buɗe jirgin da igiyar ƙarfe ke ja daga Ouchy, unguwar bakin ruwa, zuwa Flon a tsakiyar gari. Ƙarfin ruwa ne ke juya injin da ke naɗe igiyar, ruwan kuma daga wani tafki mai suna Bret aka jawo shi. A 1958 aka cire igiya aka shimfiɗa ƙarfe mai haƙora a tsakanin dogo, jirgi na cizonsa yana hawa. Haka aka yi ta yi har farkon 2006, lokacin da aka rufe layin don a gina sabo a gurbinsa.

Sabon, wanda ake kira M2, sai da aka tambayi masu biyan haraji tukuna. A 2002 mutanen jihar Vaud, inda Lozan take, suka kaɗa ƙuri'ar raba-gardama, masu so suka yi rinjaye. Haƙan bai tafi sumul ba, don a 2005 ƙasa ta rufta a dandalin Saint-Laurent. A Oktoban 2008 jirgi ya fara ɗaukar fasinja.

Ga abin da zai fi jan hankalinku. Tsawon layin bai cika kilomita 6 ba, tashoshinsa 14, amma daga Ouchy zuwa Croisettes, ƙarshensa na sama, yana hawan mita 338. A wasu wuraren, duk tafiyar mita 100 sai ya ɗaga mita 12. Kun fi ni sanin cewa ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba za ta riƙe irin wannan gangara ba, sulɓewa za ta yi. Don haka tayoyin roba aka sa masa, manya kamar na tirela, suna gudu a kan faffaɗan ƙarfe, ga wasu ƙanana a kwance ta gefe da ke hana shi kaucewa. Ƙafafun ƙarfen suna nan a bayan tayoyin, ko da taya za ta yi faci. Kamfanin Alstom ne ya ƙera shi, a kan fasalin wani jirgin metron Paris.

Tashar da ke daura da babban tashan jirgin ƙasa ita kanta a karkace take. Idan mutum ya ajiye akwati mai taya ya sake shi, sai ya ga akwatin ya kama hanya. Na ga wata mata tana jiran jirgi ta tokare keken jaririnta da ƙafa, hannu ɗaya riƙe da waya, ko a jikinta.

Direba kuwa da gaske babu. Kwamfuta ce ke tayar da shi, ta taka birki, ta tsayar da shi daidai ƙofofin gilashin da suka raba fasinja da dogo, sai ƙofar jirgi da ta tasha su buɗe tare. Ma'aikata na zaune a ɗakin kula suna kallo ta kyamara, in wani abu ya faru su sa hannu. Inda direba zai zauna taga ce, yara na rububin wurin. Ƙofar shiga tasha ma babu shinge, kowa ya sayi tikitinsa ya wuce, sai dai masu duba tikiti kan faɗo ba zato, tararsu kuma ba ta wasa ba ce.

Akwai ɗaya layin, M1, da aka buɗe a 1991 zuwa garin Renens da ke maƙwabtaka da Lozan, ta wajen jami'a. Shi yana da direba, yawancinsa a sarari yake, har yana ratsa titin mota. A ganina sunan metro kawai ya ci.

Inda nake ganin sun gaza shi ne awo. Tarago biyu kacal kowane jirgi ke da shi, kuma a ƙarƙashin babban tasha akwai ɗan wurin da dogon ya zama guda ɗaya, dole mai hawa ya jira mai sauka. Da safe idan jiragen Janiba suka juye mutane, sai ka ga an cika maƙil, wani lokaci ka bar na farko ya wuce ka jira na bayansa. Sun yi ɗinkin daidai jikin yaro, yaro kuma ya girma. Yanzu maganar layi na uku ake yi, M3, wanda zai nufi arewacin gari.

Zan ɗauki bidiyon tayoyin da kyau in tura wa Yaya ya nuna muku, ku duba ku gaya mini ko na fahimci aikinsu daidai. A gaida Inna ƙwarai, a ce mata saƙonta na nan tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda. A gaida Kawu da iyalinsa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.