A Ba Faifan Magma Na 1973 Fili A Shafin Al'adu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu sha'awar kiɗa zuwa ga wani faifai da ƙungiyar Magma ta ƙasar Faransa ta fitar a shekarar 1973, mai suna Mekanïk Destruktïẁ Kommandöh, wanda masoyansa ke taƙaitawa da MDK.

Wanda ya kafa ƙungiyar a birnin Faris a 1969 shi ne Christian Vander, makaɗin ganguna da ya ɗauki John Coltrane, gwanin jaz na Amurka, tamkar ubangidansa a sana'a. Maimakon ya rera da Faransanci, sai ya ƙirƙiro harshe nasa na kansa, wanda ya jingina wa mutanen wata duniya ta ƙage mai suna Kobaïa, kuma daga wannan harshe ne aka samo kalmar Zeuhl, mai nufin abin da ya danganci sama, wadda ta zama sunan salon baki ɗaya.

Ranar da na fara saurarensa ban kai minti biyar ba na kashe, domin ya yi mini nauyi a kunne. Sai wani dare da aka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, na sa abin ji a kunne na bi shi daga farko har ƙarshe, kusan minti 40, sannan na gane abin da ake yi. Fiyano yana riƙe da 'yan sautuka kaɗan yana ta nanatawa, jitar Jannick Top mai kaurin amo tana ruri a ƙasa kamar babbar mota a kan hawa, Klaus Blasquiz yana ja, mata 'yan amshi, cikinsu har da Stella Vander, suna karɓa. Baiti ɗaya za a yi ta juyawa, kowane zagaye ana ƙara masa kaifi da kayan busa, har mai sauraro ya ji numfashinsa yana bin ganga ba tare da ya shirya ba.

Wasu za su ce babu amfanin waƙar da ba a jin abin da take faɗa. Ni kuwa ban yarda ba, domin mu da muka tashi muna rera waƙoƙin finafinan Indiya ba mu san Indiyanci ba, mun san cewa murya tana isar da tsoro da roƙo da murna tun kafin a fassara kalma. A wannan faifai ma Bafaranshe bai fi Bahaushe gata ba, tun da harshen ba na uwar kowa ba ne.

Saboda haka nake roƙon shafinku na al'adu ya yi sharhi a kansa, kuma wanda zai rubuta ya daure ya saurare shi a zama ɗaya, kada ya yanke hukunci da waƙar farko kamar yadda na yi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya.