Wasiƙa daga Jidda: kada ka yarda a yi mata fomatin

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kowa lafiya. Ya jikin Baba, ya Inna, ya kaka? Saƙonka ya same ni a shago. Ka ce tun da ka saka manhajar da abokinka ya ba ka a filash, laftof ɗin ta ƙi tashi, ga aikinka na kammala kwalejin Gumel a ciki. Kwantar da hankalinka. Da wuya manhaja ta hana kwamfuta kawo wuta ɗungurungum. Iyakarta ta hana Windows buɗewa. Kullum ana kawo mana irinta, mai ita yana rantsuwa ta ƙone, alhali lafiyarta ƙalau.

Fara gane ciwon tukuna. Danna maɓallin kunnawa, ka kara kunnenka a ƙasanta. Fanka na juyawa? Ɗan hasken da ke kusa da bakin caja yana kamawa?

In shiru kake ji, caja nake zargi, ba manhaja ba. Na san a rumfar mai caji ta bakin tasha kake kai ta, inda janareta ke ta sama da ƙasa. Zare caja, ka cire batir, taka ai mai ƙugiya ce a ƙasa, ka danne maɓallin kunnawa har daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ta maƙale ta sauka. Sai ka jona caja ba tare da batir ba. In ta tashi, mai yiwuwa batir ne ya gaji. In ba ta tashi ba, ari wata cajar HP a wurin malaman sakandare, amma duba bayanta ka tabbatar 19.5V aka rubuta kamar taka. Ba duk wadda bakinta ya shiga ake cusawa ba.

In kuwa fanka na juyawa amma allon baƙi ƙirin, shiga ɗaki mai duhu ka haska shi da tocila dab da dab. Ka ga inuwar rubutu? To fitilar allon ce ta mutu. Ko ka kai ta gidan kallo a jona ta da talabijin ta kebul ɗin HDMI, in hoto ya fito a can ka san allon ne matsalar.

Wanda na fi zato shi ne tambarin HP ya fito, sannan ta yi ta juyi ba ta wuce nan. Wannan kam aikin manhajar ne. Da tambarin ya fito, danne maɓallin har ta mutu, ka sake kunnawa. Yi haka sau uku, Windows da kanta za ta buɗe shafin gyara. Bi Advanced options, Troubleshoot, Advanced options kuma, Startup Settings, Restart, sai ka danna 4. Ka shiga Safe Mode ke nan, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. Kafin komai kwafe aikinka a filash mai tsabta, ba na abokin nan ba, sannan ka cire manhajar. Waɗannan na sata da ake yawo da su sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa. In ta rubutu kake nema, LibreOffice kyauta ce.

In duk ya faskara, hau mota zuwa Kano, titin Beirut ko Farm Centre. Nan ne nake so ka buɗe ido. Mai gyara in yana sauri, fomatin zai fara ce maka, kuma fomatin shafe komai yake yi. Ka ce a'a, a fara ciro hadis ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin da ke cikin laftof ɗin, a jona shi da wata kwamfutar a kwashe maka takardunka, kana tsaye a kansa.

Kuɗin mota da na gyara zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda. Ka kira ni da daddare bayan isha'i ka gaya mini wanne ka gani cikin ukun. Ka gaida Baba da Inna da su Gwaggo, ka ce wa Inna kuka da daddawar sun iso.

Naka,
Yayanka