A fito da wasan 'yancin zaɓe fili: shawara ga matasanmu na Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da ƙungiyoyin matasa da shugabannin Hausawa na Legas, daga Agege da Idi-Araba har Mile 12, Obalende da Alaba Rago, a kan wasan kwaikwayon tunawa da waɗanda suka sha wuya kafin talaka ya samu 'yancin jefa ƙuri'a. Shirya wasa a fili shi ne aikinmu. Abin da ke damunmu shi ne yawancin irin wannan taro a zauren haya ake yinsa, da teburin manyan baƙi da jawabai, sai an gaji a ce yara su fito su yi wasa na minti goma. Mai dako da mahauci da mai shayi da matan gida ba sa shiga irin wannan zaure. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 masu rajista a jihar Legas sun haura miliyan 7, waɗanda suka fito ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Waɗancan da suka yi zamansu suna kasuwa da tasha da ƙofar gida, can ya kamata wasan ya same su.

Ba baƙon abu muke kawowa ba. Tashe a kan titi ake yinsa, a kalankuwa kuwa samari sun daɗe suna kwaikwayon masu mulki a bainar jama'a. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙa kai wasa Samaru da ƙauyukan Zariya tun shekarun 1970. A ƙasar Yarbawa, gwamnatin Jihar Yamma ta hana ƙungiyar Hubert Ogunde yin wasa a 1964 saboda wasansa ya taɓa masu mulki. A Amurka ma, a 1963 wasu matasa baƙaƙen fata suka kafa Free Southern Theater a kwalejin Tougaloo ta jihar Misisifi, suna yawo gari-gari suna wasa kyauta a wuraren da ake hana baƙar fata rajistar zaɓe.

Wurin zaɓen labari ake fara ɓata wasa. Masu shiryawa kan so su zuba tarihi gaba ɗaya, sai wasan ya koma karatun sunaye da kirari. Labari uku sun isa, kuma kowanne a gina shi a kan abu guda: mutum ya zo yin zaɓe, an tare shi, da me aka tare shi? Legas tana da nata. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba Legas kujera 3 a majalisar dokoki, Kalaba 1, amma sai namiji mai samun fam 100 a shekara ne zai yi zaɓe, kuma a 1923 jam'iyyar Herbert Macaulay ta cinye kujerun Legas ukun. A zaunar da akawu a kan tebur yana tambayar kowa abin da yake samu, a kori lebura, a kori 'yar kasuwar da ta fi akawun kuɗi don kawai mace ce. Wannan fitowa ba ta bukatar sharhi.

Na biyu daga gida. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Zaɓen 1951 a Arewa hawa-hawa aka yi shi, kuma En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, na da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, don haka wanda talakawa suka zaɓa a ƙasa sai ya ɓace kafin a kai sama. Ana nuna wannan da benci uku a jere, kowane benci ana rage mutane. Daga nan sai Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka sha ɗaurewa saboda kiran a ba matan Arewa 'yancin zaɓe. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, matan Arewa kuwa sai a 1976 a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓen 1979. A cikin 'yan kallo za a samu tsohuwar da ta girma ba ta da wannan 'yanci, shi ya sa wannan fitowa ta fi kowacce kama jiki. Mace babba mai murya za a ba wannan matsayi, da yardar gidansu. Idan aka ɗaura wa namiji zane don an rasa mace, dariya za a yi daga farko har ƙarshe, Gambo ta zama abin barkwanci.

Na uku ana iya ɗaukowa daga Amurka, amma a bar shi a Amurka. A watan Agusta 1962 wata baƙar fata mai suna Fannie Lou Hamer ta je garin Indianola yin rajistar zaɓe, aka ba ta jarrabawa a kan tsarin mulkin jihar Misisifi, ta dawo aka kore ta daga gonar da ta yi shekara 18 tana aiki. Ranar 7 ga Maris 1965 'yan sanda suka far wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe kusan 600 a gadar Edmund Pettus ta garin Selma, ranar 6 ga Agusta na shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Mai shela ya faɗi ƙasa da shekara kafin a fara, in ba haka ba yaro zai tafi gida da tunanin a Ikeja abin ya faru. Mu dai mun fi son labarin Hamer a kan na gada, domin tebur ɗaya da mutum uku sun ishe shi, gada kuwa tana bukatar turmutsutsu, shi kuma turmutsutsu a fili yakan jawo yara su afka cikin wasa.

Wanda ya fi son zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993 yana da abin nunawa: yadda MKO Abiola ya ci jihar Kano, mahaifar abokin takararsa Bashir Tofa. Kisan matarsa Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, a nan Legas ranar 4 ga Yuni 1996, mai shela ya ambace shi da baki kawai. Kada a kwaikwayi harbi, kada a ɗora wa kowa laifi a dandali. Unguwanninmu cakuɗe suke, kalma ɗaya tana iya mayar da wasa rigimar ƙabila.

Duka wasan kada ya wuce minti 45, kowace fitowa minti 6 zuwa 8, da kiɗan kalangu ko gajeren amshi a tsakani don waɗanda suka iso a makare su kama zaren. 'Yan wasa 8 zuwa 10 sun isa, kowa ya ɗauki matsayi biyu, ya canza hula ko mayafi a gaban jama'a. Hausa ce harshen wasa, amma mai shela ya riƙa taƙaita kowace fitowa da Turancin buroka da ɗan Yarbanci. Maƙwabcin da ya ga taron Hausawa ana ɗaga murya bai san me ake cewa ba, zargi zai fara.

Lokaci tsakanin la'asar da magariba ne. Rana na faɗuwa a Legas wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7 duk shekara, saboda haka a fara 4:45, a tashi kafin kiran salla, an huta da neman fitila. Kiran salla ya riski wasa, rabin jama'a sun tafi ke nan, kuma ba sa dawowa. Ranar Dimokuraɗiyya ta 12 ga Yuni tana faɗawa tsakiyar ruwan Legas, don haka wanda ya nace sai ita ya tanadi rumfar tamfol ta rufe kayan lantarki da kuma wata ranar ta ko-ta-kwana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu an fi samun natsuwa. A je filin kwana biyu ko uku kafin a tsayar da shi, a daidai lokacin da za a yi wasan, a tsaya a saurara. A Agege akwai jirgin ƙasa, akwai jirgin sama mai sauka Ikeja. A koya wa 'yan wasa su daskare in jirgi ya zo, mai kalangu ya cike gurbin, ya wuce a maimaita jimlar ƙarshe.

A nemi bango a gabas, 'yan wasa su ba shi baya. Bangon yana maido da murya ga jama'a, rana kuma tana bayan 'yan kallo tana haska fuskar 'yan wasa. Allon katako mai ƙafa 8 da 4 guda shida yana ba da dandali mai ƙafa 16 da 12. Tsayinsa kada ya wuce ƙafa biyu, a sa masa ƙafafu a tsakiya ban da na gefe, a ɗaure allunan da juna, don allon da ba a ɗaure ba yakan buɗe ya kama ƙafa. Yara a tabarma a gaba, dattawa a benci, masu tsayuwa a baya, ɓangaren mata da hanyarsa daban. Ba a ware wa mata wuri ba, daga nesa za su tsaya, alhali labarin Gambo nasu ne. A ja igiya taku uku daga dandali, a sa 'yan agaji 8 ga jama'a kamar 300, a bar hanyar fita biyu a buɗe.

Sauti ne ke kashe wasan fili fiye da komai. A fili babu rufin da zai tare murya, duk sanda tazara ta ninka sauti na raguwa da desibel 6, ga hayaniyar Legas a kai. Lasifika biyu masu inci 15 sun isa, a ɗora su a kan sanda sama da kan mai tsayuwa. Aka ajiye su a ƙasa, na gaba su kurumce, na baya ba su ji ba, saboda jikin mutane ya shanye sautin. Su kasance gaba da 'yan wasa, suna kallon jama'a. Kukan nan mai huda kunne yana tashi ne idan makirufo ya shiga gaban lasifika ya sake ɗaukar abin da ta fitar, maganinsa a ja layi da alli a bakin dandali, kowa ya san ba ya ƙetare shi. Makirufo na maƙalawa a kunne guda huɗu ga masu yawan magana, na hannu ɗaya ga mai shela, ɗaya mai waya a ajiye don ranar da marar waya ya ƙi. Sabon batir a kowanne kafin a fara, ko da na jiya bai ƙare ba, kuma a sa wa kan makirufo soso saboda iskar teku da ke tasowa da yamma. Janareta mai kVA 3.5 ya ɗauki wannan kaya. A kai shi mita 25 ko fiye, bayan bango, da waya mai kauri, irin wadda masu aikin lantarki ke kira 2.5. Siririyar waya a wannan nisa tana zafi, wuta ta ragu, na'urar ƙara sauti ta riƙa ɗaukewa daidai lokacin da aka ɗaga murya. A cika tanki tun farko, kada a ƙara mai yana aiki, kada kuma a bar mai cajin waya ya jona. Gwaji na ƙarshe a filin za a yi shi da duka kayan, mutum ɗaya ya tsaya a layin baya ya ɗaga hannu duk inda bai ji ba.

Sai maganar hukuma. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin taro, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin taron lumana. Duk da haka a kai wa DPO takardar sanarwa mako biyu kafin ranar, a karɓi kwafi mai hatimi. A gaida Sarkin Hausawa da baale, wato mai unguwar Yarbawa, da limamai da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa, a nemi kowa ya turo wakili. Zaman wakilin baale a benci yana rage zuwan masu cewa a biya kuɗin ƙasa. In za a taɓa titi sai an sanar da LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, in lambun gwamnati ne sai LASPARK, hukumar kula da lambunan shaƙatawa. Kada a sa kayan 'yan sanda na gaskiya ko bindigar roba, hular kwali da sanda sun wadatar. Kada tsintsiya ko lema su bayyana a dandali ko da shara za a yi ko ruwa ake, kada a karɓi kanofi ko ruwan leda mai hoton ɗan takara. Ɗan siyasa ya zo, a ba shi benci, a hana shi makirufo. Da zarar an ce wasan na wane ne, rabin unguwa sun daina saurare.

Minti 15 na ƙarshe a mayar da dandalin rumfar zaɓe, a kira mutum goma daga cikin jama'a, biyar maza biyar mata. A buga takardar gwaji mai alamun da ba na kowace jam'iyya ba, a rubuta GWAJI a samanta da manyan baƙaƙe. Su bi layi, su miƙa kati, a nuna yadda na'urar BVAS ke tantance mutum da yatsa ko da fuska, domin masu aikin ƙarfi da yatsunsu suka side kan ɗauka an kore su ke nan. Su dangwala a cikin gida ɗaya, su bar tawada ta sha iska, su naɗe yadda ba za ta shafi wani gida ba. A ƙidaya a gaban kowa, a ɗaga wadda ta lalace a zagaya da ita a ga dalili. Mai shela ya faɗa cewa ana buɗe rumfa 8:30 na safe, kuma duk wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana sai ya yi zaɓe. Tambayar da za ta fi yawa ita ce ta wanda ya yi rajista a Katsina ko Sakkwato yana zaune a Legas. Amsarta ita ce kada ya sake rajista, yin ta sau biyu laifi ne. Ya nemi a sauya masa rumfa a ofishin INEC na ƙaramar hukumar da yake zaune, lokacin da aka buɗe rajista. A rubuta adireshin ofishin a kan kwali babba, a kafe shi a bakin hanyar fita.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu shirya wasan kwaikwayo na fili,
Agege, Legas.