Wasiƙa daga Le Mans

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar da muka yi waya ka ce kamar a bakin injin niƙa nake tsaye. Motocin tsere ne ka ji, kuma gidana bai ma kusa da filin ba. Kowane watan Yuni haka muke kwana, motoci na gudu awa 24 ba tsayawa sai shan mai da canjin taya da direba. Tun daga ranar nake cewa sai na rubuto maka labarin masu shirya abin, don na san zai yi maka daɗi.

Wata ƙungiyar masu motoci ce ta yammacin Faransa, Automobile Club de l'Ouest, a nan ACO kawai ake cewa. A 1906 mutanen wannan yanki na Sarthe suka kafa ta, jagoransu wani Georges Durand. Babbar ƙungiyar Faris na neman wurin tsere, suka ce a kawo musu. Suka zagaye hanyoyin ƙauye mai tsawon kilomita 103, inda hanya ta yi muni suka shimfiɗa katako. Kwaltar da aka zuba rana ta narkar da ita, ta riƙa fantsama a idon direbobi. Ferenc Szisz ya ci da Renault, kuma abin da ya taimake shi zai ba ka dariya: tayarsa ta Michelin ana kwance ta da ƙarfenta a ɗaura wata cikin 'yan mintuna, yayin da wasu ke can suna yanka tsohuwar roba da wuƙa. Ka faɗa wa mai facin ƙofar garejinka.

Amma abin da ya sa na tuna da kai shi ne tseren 1923, na farko mai awa 24. Durand da ɗan jarida Charles Faroux da Émile Coquille suka ce gudu kaɗai ba ya nuna ƙwarin mota. A ɗauko irin wadda ake sayar wa mutane, a sa ta kwana ta wuni a hanya, a ga ko fitila za ta mutu, ko birki zai ci amana. Ba maganarka ke nan kullum ba, in yaro ya zo yana yabon mota don ta fi gudu? Motoci 33 suka tashi cikin ruwan sama, 30 suka kai ƙarshe. Wadda ta ci, Chenard & Walcker, ta yi kilomita 2,209.

Akwai baƙar rana kuma. Ranar 11 ga Yuni 1955 Mercedes ɗin Pierre Levegh ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, shi da mutum fiye da 80 suka rasu. Masu shiryawa ba su tsayar da tseren ba, wai kada jama'a su ɓarke su toshe wa motocin asibiti hanya. Na ji hujjar, amma har yau ba ta kwanta mini ba.

Da can, in za a fara tseren, direbobi da gudu suke tsallaka titi su faɗa mota su fisga, wasu ko bel ba su ɗaura ba. A 1969 Jacky Ickx ya ƙi, ya tako a hankali, ya zauna ya ɗaure kansa, ya tashi a ƙarshe. A zagayen farko wani Bature ɗan Ingila, John Woolfe, ya yi haɗari ya mutu. Washegari Ickx ya ci da tazarar mita 120 ko kusa da haka. Shekarar da ta biyo aka daina wannan gudun.

Yawancin zagayen, mai kilomita 13.6, hanyar kowa ce in ba lokacin tsere ba. Ran Talata na bi miƙaƙƙen titin Hunaudières a bayan wata tirela, ga ƙarafan kariya jere dama da hagu, ina ta duba ma'aunin gudu don tsoron tara. A nan ne a 1988 wata mota mai injin Peugeot ta kai kilomita 405 a awa, har a 1990 aka saka lanƙwasa biyu don a rage musu wuta. Peugeot kanta ta ci a 1992 da 1993 da 2009. Da na ga zakin nan na Peugeot a gidan tarihin tseren, sai 504 ɗin Kaduna ta faɗo mini, wadda muka tura daga Kawo har bakin garejinka.

Na saya maka hular ƙungiyar, zan ba Alhaji Bala in zai taho bayan Sallah. Ka gaishe da Hajiya da su Abba.

Naka,
Habibu